Daga Kaskon Ruwa Zuwa Littafin Rajista: Waiwaye a Kan Tarihin Sanin Tsuntsayen Gida a Ƙasar Kankiya

A zaman karatun da ƙungiyarmu takan yi, mun sha jin sababbin marubuta suna buɗe labari da cewa gari ya waye, iska tana kaɗawa, tsuntsaye suna ta kuka a kan itatuwa. Jimlar ba ta da laifi a nahawu. Amma duk sa'ad da muka ɗaga hannu muka ce, "Malam, waɗanne tsuntsaye ne, kuma a kan wane itace?" sai ka ga mai rubutun ya yi murmushi ya sosa ƙeya. Ba mu faɗi haka don mu muzanta kowa ba, domin mu ma da muka auna kanmu sai muka tarar abin da muka riƙe bai kai rabin abin da kakanninmu mata suka sani ba, su da ba su taɓa shiga aji ba. A makarantar sakandaren da muke koyarwa mun taɓa sa 'yan aji uku su rubuta sunan duk tsuntsun da suka sani da Hausa, ban da kaza da zabo da agwagwa da tantabara. Wanda ya fi kowa ƙoƙari ya tsaya a tara, kuma ɗaya daga cikin taran nan jemage ne.

Wannan abin kunya ne ya sa muka ajiye wani tsohon kasko da ruwa a gindin lemun tsamin da ke tsakar gidanmu a Kankiya, muka nemo ragowar wani littafin rajista, muka riƙa zama bayan sallar Asuba muna rubuta duk baƙon da ya sauka. Ba a yi wata guda ba sai tambayoyi suka fi amsoshi yawa. Wa ya raɗa wa waɗannan halittu suna? Wa ya fara rubuta su a takarda? Ina waɗanda muka tashi muna gani suka tafi? Abin da ke biye shi ne ɗan abin da muka tattaro a kan waɗannan tambayoyi, kuma mun kawo shi nan ne saboda kalmomi su ne jarin marubuci.

Masana na farko

Tun kafin a zo da tabarau mai jawo nesa, Bahaushe yana da masanansa na tsuntsaye, ko da yake babu wanda ya kira su da wannan suna. Akwai manomi, wanda dole ta sa shi sanin mai ci masa gero da mai cinye masa fara. Akwai maharbi, wanda ya lura da yadda namun daji ba su tsoron burtu har ya sassaƙa kansa ya ɗaura a goshi, ya riƙa rarrafe yana sanɗar barewa. Akwai yara masu gwafar danƙo da tarko da kejin sillen kara, waɗanda suka san sheƙar kowane tsuntsu a unguwa. Sa'an nan akwai matan gida, kuma a ganinmu su ne suka fi kowa sanin tsuntsayen tsakar gida, domin a gindin turminsu da wurin sheƙar hatsinsu ake yin taron.

Mai karatu ya dubi sunayen da kansu, zai ga kowane suna ɗan taƙaitaccen bayani ne. Jan baki, bakinsa ja ne. Sha-kauci, ga shi nan yana cusa dogon bakinsa cikin furen kauci. Maƙwaƙwafi, aikinsa ke nan a jikin itace. Ragon maza, wannan mai jan fuka-fukai da doguwar baƙar wutsiya, ya fi son ya yi ta saɗaɗawa cikin shinge a kan ya tashi sama, in ma ya tashi sai ka ce an tilasta masa. Baiwar Allah kuwa, 'yar mitsitsiyar nan da namijinta ja ne, macen kuma ruwan ƙasa, ita ce mai shiga har cikin ɗaki ta yi sheƙa a jinka, kuma sunanta kaɗai ya isa ya hana yaro ya jefe ta. Abokin tafiyarta asisi mai shuɗin ciki, namijinsa ne ke da jan tabo a kunci. Wanda ya san wannan ɗan bambanci ya riga ya shiga sahun masu lura da tsuntsaye, ko ya sani ko bai sani ba.

Babbar baƙuwa a wannan ilimi ita ce shamuwa. A Kankiya da Kusada da Rimaye da Kafin Soli, kamar sauran ƙasar Hausa, ganin shamuwa a kan tsamiya ko kuka a cikin gari shi ne sanarwar cewa bazara ta nuna, a gyara gona a fito da iri. Ba a jifarta, ba a taɓa ƙwanta, shi ya sa take sheƙa a saman gidajen mutane ba tare da fargaba ba. Tsofaffi sun san lokacin zuwanta da na tafiyarta bayan kaka. Inda take zuwa ne binciken zamani ya ƙara mana: tana ƙetare tsakiyar Afirka ta gangara Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe har Afirka ta Kudu, wato tana bin damina ne duk inda ta koma, tana cin fara da tsutsar da ke fitowa da ruwan farko. Ashe wadda muke kira baƙuwa a nan aka ƙyanƙyashe ta, can ne take baƙunta. Turawa kuwa da suka ba ta sunan kimiyya a 1823 sai suka laƙaba mata sunan Abdim, wani gwamnan Turkawa a arewacin Sudan. Har gobe da sunansa ake kiranta a littattafan duniya, mutumin da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Akwai karin magana guda biyu da muke so mu ɗan daɗe a kansu, domin sun nuna zurfin idon mutanen da. Na farko shi ne kirarin hankaka, mai da ɗan wani naka. Da yawanmu mun ɗauke shi almara ce kawai. To, a farkon shekarun 1970 wasu masu bincike biyu, Peter Mundy da A. W. Cook, sun bi sheƙunan hankaki a Sakkwato, suka buga sakamakon a 1977. Sun tarar akwai wani tsuntsu mai tukku da doguwar wutsiya da ɗigon fari a fuka-fukai, wanda ba ya yin sheƙa sam, sai dai macensa ta faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar hankaka, hankaka ya ƙyanƙyashe ya ciyar har ɗan ya tashi. Mu dai a namu ra'ayin, wani ne ya hau rimi ko giginya tun zamanin da, ya leƙa sheƙar hankaka ya ga ɗan da bai yi kama da iyayen ba, daga nan maganar ta samo tushe. Kuskurensa ɗaya ne, ya ɗauka hankaka ne ɓarawon, alhali shi aka yi wa wayo.

Na biyu ya fi wannan ban mamaki, kuma a bakin kaskonmu muke ganinsa kowace damina. Akwai wani ɗan tsuntsu baƙi wuluk mai ƙyalli, da farin baki da jajayen ƙafafu, girmansa ɗaya da baiwar Allah. Shi ma ba ya sheƙa. Macensa a sheƙar baiwar Allah take saka ƙwai, kuma 'ya'yanta suna fitowa da irin zanen da ke cikin bakin 'ya'yan masu gida, don haka uwar riƙo ba ta bambancewa, sai ta haɗa duka ta ciyar. Wani Bajamushe mai suna Jürgen Nicolai ya bayyana a 1964 cewa namijin irin waɗannan tsuntsaye idan ya girma kukan uban riƙonsa yake kwaikwaya. Daga baya Robert Payne na Jami'ar Michigan ta Amurka, wanda ya yi aiki a nan Nijeriya ma, ya shafe shekaru yana tabbatar da cewa ita ma macen namijin da ke irin kukan gidan da ta tashi take zaɓa. Wato dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, har wanda aka yi riƙonsa, sai dai shi gidan riƙon ne gidansu. Marubucin da ke neman abin gina labarin agola ko ɗan riƙo, ga shi nan a tsakar gidansa yana tsintar tsaki.

Ba mu manta da abin da malamai suka ƙara a kan wannan ba. Almajiri ya san alhudahuda daga ƙissar Annabi Sulaimanu a Suratun Namli tun kafin ya gan shi yana caccakar ƙasa a bayan gari, ya san hankaka daga ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu a Suratul Ma'ida. Tatsuniya ta ba mu Gizo da hankaki da ɓaure. Shi kuma Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, aku ya ɗora wa nauyin ba da labarai a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. Adabinmu bai taɓa rabuwa da tsuntsu ba.

Masu bindiga da alƙalami

A ƙarshen watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar Katsina zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya nufi Kano. Hanyarsa ta bi ta Kusada, ya kuma ambaci garin da ganuwarsa a littafin tafiye-tafiyensa da aka buga a 1857 da 1858. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda ya siffanta ƙasar da ke tsakanin Katsina da Kano. Ya ce tana daga cikin mafi kyawun ƙasashen da ya gani, itatuwa iri-iri sun tsaya rukuni-rukuni, tsuntsaye kuma ba su ƙirguwa, ya ware wani mai launin shuɗi bau wanda ya ɗauke masa hankali. Duk wanda ya bi hanyar Yashe da rani ya ga tsanwaka a kan busasshen reshe zai gane abin da ya burge baƙon nan. Ga wanda ke son kwatanta jiya da yau, wannan shaida ce mai daraja, domin an rubuta ta ne a kan gonakinmu shekara fiye da 170 da suka wuce.

Barth ba masanin tsuntsaye ba ne, mai lura ne kawai. Masanin ya zo ne a 1885, wato Ernst Hartert, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya rako Paul Staudinger suka bi ta Zariya da Kano da Sakkwato da Gwandu zamanin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu. Hartert ya zama shugaban gidan adana halittu na attajirin nan Walter Rothschild a garin Tring na Ingila daga 1892 zuwa 1930. Saboda wannan gida ne Angus Buchanan ya sauka Kano a ƙarshen 1919, ya bi ta Damagaram har Asbin yana tara tsuntsaye, Hartert kuma ya zauna ya tantance su.

Ya kamata mu faɗi yadda ake wannan aiki, don kada a zaci kallo ne. Harbi ake yi. A harbo tsuntsu, a feɗe shi, a cusa auduga a fatar, a ɗaura masa 'yar takarda a ƙafa mai ɗauke da wuri da kwanan wata, a jera a akwati a tura Turai. Waɗanda suka san inda tsuntsun yake kwana, suka ɗauki kayan, suka yi fiɗar, mutanenmu ne, kuma da wuya ka ga sunansu a jikin takardar. A 1932 Rothschild ya sayar da mafi yawan tarinsa, fatu wajen 280,000, ga gidan tarihin halittu na birnin New York. Saboda haka ɗalibin Kano ko Katsina da ke son ganin tsuntsun da aka harbo a bayan garinsu shekara ɗari da suka wuce sai ya nemi biza.

Amma ba za mu yi wa wannan zamani rowar yabo ba. Daga irin waɗannan fatu ne David Bannerman ya rubuta littafinsa mai juzu'i takwas a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma tsakanin 1930 da 1951. Mu marubutan Hausa kuwa wanda ya fi yi mana rana shi ne G. P. Bargery, da ƙamusunsa na 1934. Ya zaga ƙasar Hausa yana tambayar mutane, ya rubuta sunayen tsuntsaye da kirarinsu, yana kuma nuna kalmar da Katsinanci ce da wadda Sakkwatanci ce. Sau da yawa idan dattijo ya faɗa mana suna muka yi shakka, can muke komawa mu tarar da shi yana jiranmu. Sai dai mu yi hattara, domin suna ɗaya yakan hau tsuntsu biyu ko uku gwargwadon gari, kuma Bahaushe yakan tara ƙananan tsuntsaye da yawa ya kira su tsada ya huta.

Daga harbi zuwa kallo

Sauyin da ya kawo mu ga kaskon ruwa ya faru ne wajen samun mulkin kai. A 1960 John Elgood, malamin ilimin dabbobi a Jami'ar Ibadan, ya fitar da wani ɗan littafi mai suna Birds of the West African Town and Garden, wato tsuntsayen gari da na lambu a Afirka ta Yamma. Littafin bai nemi mai karatu ya mallaki bindiga ko ya shiga daji ba. Cewa ya yi, a taƙaice, zauna a ƙofar ɗakinka ka buɗe ido. A 1964 Elgood da Bob Sharland, wanda ke zaune a Kano, da Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya da 'yar mujallarta. A 1979 ƙungiyar ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, mujallar ta koma Malimbus, kuma a cikinta ne Sharland da Roger Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a 1981. Tun da Tsanyawa da Bici maƙwabtanmu ne, jerin nan kusan namu ne. Abin lura, yawancin membobin farko baƙi ne, malamai da ma'aikatan kamfanoni, kuma da Turanci ake komai. Ilimin ya yi ta ƙaruwa a Kano da Zariya, amma bai sauko zaure ba.

Sharland ya yi shekaru yana sa wa tsuntsaye zobe a Kano. Dabarar ta samo asali ne daga wani malamin makaranta kamarmu, Hans Christian Mortensen na ƙasar Denmak, wanda a 1899 ya fara ɗaura wa tsuntsaye ɗan zoben gorar ruwa mai lamba a ƙafa, ya sake su, don duk wanda ya tsinci ɗaya ya aiko da labari. Kafin wannan, Turawa sun daɗe suna gardamar inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu, har wasu na cewa cikin taɓo suke nutsewa. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomitoci da shi. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. Wani maharbi ne a nahiyarmu ya yi kuskuren saiti, ya warware wa Turai gardama bai sani ba.

Zoben ya nuna cewa da yawa daga cikin ƙananan tsuntsayen da muke gani cikin ƙaya da rani, masu launin ƙasa da ba mu ko ɗaga ido mu dube su, daga Turai suke, sun ƙetaro teku da Sahara. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga ɗaya daga cikinsu, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bi sawu sai aka gano ƙarancin ruwan sama ne a yankinmu na Sahel ya hallaka su. Wato tsuntsu ya kai labarin farin Turai tun kafin babbar masifar 1972 zuwa 1974 ta sa duniya ta waiwayo mu. Iyayenmu sun ba mu labarin wancan fari, mu kuma muna ƙanana aka yi na 1983 zuwa 1985, wanda ya ƙarasa manyan itatuwa da yawa a gonakin arewacin Katsina.

Abin da ya ragu da abin da ya ƙaru

A nan ne tarihin ya shigo tsakar gida sosai. Tsuntsu ba ya zama don yana son mu, yana zama ne don ya sami abinci da wurin sheƙa. Gidan da muka tashi a ciki yana da jinka da rumbu da dangar kara, ga cediya a ƙofar gida, ga durumi a dandali. Baiwar Allah tana jinka, gwara tana ramin katanga, cilakowa tana kogon itace, inda macen takan shiga ta liƙe ƙofar da laka ta bar 'yar kafa, namiji yana miƙo mata abinci har 'ya'ya su yi ƙwari. Yau kwano ya maye gurbin jinka, bulo ya maye gurbin tubali, an shafe tsakar gida da siminti, an sare cediya don saiwarta tana fasa gini. Itacen da ya cike gurbin shi ne bedi, wanda aka shigo da shi Borno a 1928, ya kuma bazu a nan musamman da shirye-shiryen dashen itatuwa na bayan fari. Bedi ya yi mana rana wajen inuwa da tare iska, belbela da kurciya suna kwana a kansa, amma bai kai ɓaure da cediya tara baƙi ba. Wanda ke shakka ya zauna awa ɗaya a gindin kowannensu lokacin da 'ya'ya suka nuna.

Rashin da ya fi girma shi ne na ungulu. Duk wanda ya kai shekara arba'in a Kankiya zai tuna yadda suke jeruwa a kan rumfunan mahauta ranar kasuwa, har sai an kore su da sanda. 'Yan ajin da muka ambata a farko sun san ana cewa ungulu ba ta jewar banza, sun san ungulu da kan zabo, amma da muka tambaya, yawancinsu a hoto kawai suka taɓa ganinta. A 2015 hukumar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa irin ungulun garuruwanmu a matakin haɗari mafi tsanani kafin ɓacewa. Dalilan sanannu ne: farautarta don sayar da kai da sassan jiki ga masu magani da tsibbu, guba da ake sa wa mushe, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, don haka abin da aka kashe a kasuwa ɗaya ba ya mayuwa da wuri. Ita ce fa mai kwashe mushe kyauta. Mun raina ta saboda sanƙo da ƙazanta, yanzu mushen jaki sai ya yi kwanaki a bakin hanya yana wari.

Gauraka ma haka. Da tana yawo garke-garke a fadamun arewa, ana kuma kiwonta a gidajen sarauta da na attajirai, yanzu kuwa ta kusa ƙarewa ƙaf a dajin Nijeriya. Marubucin da zai kwatanta tafiyar amarya da ta gauraka nan gaba sai ya yi wa mai karatu ƙarin bayani a ƙasan shafi.

Ba kowa ne ya ragu ba. Hankaka yana nan, juji ya ƙaru ai. Belbela, ci da motsin wani, tana bin shanu da garmar tarakta duka. Kabare yana nan da hayaniyarsa, namiji yana tsage ganye yana saƙa, mace ta zo ta duba, in ba ta yi mata ba ya warware ya sake sabuwa. Jan baki kuwa har yanzu shi ne abin tsoron mai gero da shinkafa, har gwamnatoci sukan ɗauko jirgin sama su yi masa feshi a Kabi da Sakkwato da Jigawa da Yobe da Borno. Ba za mu ce wa manomin da ya kwana yana kaɗa gwangwani a gona ya so tsuntsu ba. Abin da za mu ce kawai shi ne feshin ba ya tambayar suna kafin ya kashe.

A shekarun baya-bayan nan ilimin ya fara dawowa hannun 'yan ƙasa. An kafa gidauniyar kiyaye halittu ta Nijeriya a 1980, aka fara shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, sa'an nan a 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a kusa da Jos, wadda ta yaye ɗalibai masu digiri na biyu da yawa, cikinsu har da 'yan arewa. Daga wannan cibiya aka ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance, masu sa kai suna shiga suna rubuta abin da suka gani a wayar hannu, kuma samarin arewa sun kafa tawagarsu. An san Nijeriya da nau'in tsuntsaye sama da 900. Abin da muka lura shi ne da yawa daga cikin waɗannan samari sun fi sanin sunan Turanci da na Latin a kan na Hausa, dattawan da suka san na Hausar kuma ba su riƙe waya. Tsakanin su biyun akwai aikin da ba na kowa ba ne sai marubuci, kuma lokacinsa ƙanƙane ne, domin masu sunayen suna ta tafiya.

Namu littafin rajistar ba shi da wani tsari na kimiyya. Shafi ɗaya rana ɗaya: kwanan wata na Bature da na Musulunci, yanayin gari, sunan tsuntsu in mun sani, in ba mu sani ba mu siffanta girmansa da na gwara ko kurciya ko hasbiya, launin baki da ƙafa, tsawon wutsiya, abin da yake ci, da yadda kukansa ya faɗa mana a kunne. Ranar Juma'a bayan an sauko sai mu ɗauki siffofin da ba su da suna mu kai wa wani tsohon maharbi a unguwarmu, wanda idonsa ya yi rauni amma kunnensa garau. Sau da yawa kafin mu gama kwaikwayon kukan ya riga ya faɗi sunan, ya ƙara da kirari, ya kuma yi mana dariyar yadda muka ɓata kukan. Kwanan baya mun kai masa siffar wani mai jan ciki kamar garwashi da baƙin baya da rawaya a ka, wanda yakan yi kuka daga cikin shingen maƙwabcinmu, na biyu ya amsa masa nan take kamar baki ɗaya ne. Ya yi shiru, ya ce ya san shi sarai, mahaifinsa yakan kira shi da wani suna, amma sunan ya kwanta masa. Ya ce mu dawo wata Juma'ar. Mun bar gurbin a buɗe a shafi na 41.